Tambaya ta Goma Sha Bakwai

Asabar, 5 ga watan Aban na kalandar Farisa, ƙarfe bakwai na safe

Dakta Sohrabi, mai duba aikina, ta ce duk mai bincike ya riƙa rubuta abin da ya yi kullum, don kada ranar kare aiki ta zo ya rasa ta cewa. To, ga shi na fara.

Inda aka tsaya: tambayoyi ashirin da huɗu ne, duk a kan abubuwan da mai ciwon waswasi yake gudu. Gudun taɓa mariƙin ƙofa, gudun fita daga gida don kada ya dawo duba gas sau goma, gudun wasu lambobi, da ire-irensu. Na fassara su daga Turanci zuwa Farisanci, wani da bai taɓa ganin na asali ba ya mayar da su Turanci, malamai biyar suka duba suka sa hannu. Saura in nuna cewa a bakin mutanenmu ma suna auna abin da aka ce suna aunawa. Ana son mutum ɗari uku su cike. Ina da ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ranar ƙarshe ta miƙa aiki sha biyar ga watan gobe, Azar.

Yayata Farangis tana gida wurin Maman, mahaifiyarmu, tun da ta haihu, yau kwana sha tara. Na bar musu ɗakina ita da jaririyarta Dorsa, ni ina kwana a falo da takarduna.

Lahadi, 6 ga Aban, ƙarfe biyar na yamma

Mutum bakwai suka cike a asibiti. Wata mata ta ƙi karɓar birona, ta fito da nata daga cikin leda. Na gaji.

Litinin, 7 ga Aban, ƙarfe biyu na rana

Dakta Sohrabi ta kira ni ofis.

"Zauna, Shokufe. Kin kula da tambaya ta sha bakwai?"

"Na kula, Ustad."

"Mutum nawa suka tsallake ta?"

"Hamsin da takwas."

"Waɗanda suka amsa fa?"

"Kusan duk sun ce ko kaɗan."

Ta cire tabarau ta ajiye. "Tambayar da kowa yake ba ta amsa iri ɗaya ai ba tambaya ba ce, gaisuwa ce. In ta ci gaba a haka, cire ta za mu yi. Ashirin da uku ma sun isa, kuma lissafinki zai fito tsaf."

Ga abin da tambayar ta ce: Ina gudun zama ni kaɗai da wanda nake ƙauna, don tsoron kada in cutar da shi.

Na ce to. Ni dai a gama.

Talata, 8 ga Aban, bayan magariba

Ina cikin shigar da amsoshi a kwamfuta Farangis ta leƙo. "Shokufe jun, ƙanwata abar ƙauna, zo ki zauna kusa da ni har in gama shayar da ita."

Na ce, "Abji, yayata, aiki nake yi. Nonon ai naki ne, ni me zan yi miki?"

Ta tsaya a bakin ƙofa kamar za ta ƙara magana. Sai ta ce, "To kira min Maman." Maman na salla, ta jira har ta idar, Dorsa tana tsala kuka.

Alhamis, 10 ga Aban, ƙarfe sha ɗaya na safe

Maman tana ta faɗa a kicin. "Wuƙaƙen gidan nan ƙafa suka yi ne? Da haƙorina zan yanka kabejin?" Ni na gano su, a saman kabad ɗin ɗakin ajiya, an naɗe su cikin tawul an ɗaure da zare. Har da almakashin ɗinkin Maman.

Maman ta ce tsufa ne ya fara kama ta, ta yiwu ita ta kai su ta manta. Farangis tana zaune a wurin, idonta a ƙasa.

Mutum ɗari biyu da talatin da huɗu.

Juma'a, 11 ga Aban, ƙarfe huɗu na yamma

Kambiz, mijin Farangis, ya zo cin abincin rana tare da mahaifiyarsa, wadda muke kira Hajj Hanum. Maman ta yi shinkafa da kabeji, ƙanzon ya fito da kyau, Hajj Hanum ta ci ta ƙara. Da ta gama ta turara wa jaririya hayaƙin isfand saboda baki, ta miƙa wa Farangis ita.

Farangis ta ce hannunta da maiƙo.

"To wanke."

Ta shiga wanke hannu, ba ta fito ba sai da aka kwashe kwanuka.

Hajj Hanum ta dubi Maman tana murmushi. "'Yan yanzu ke nan. Mu a zamaninmu da safe za ki haihu, da yamma kina bakin murhu da ɗa a cinya. Amma fa ban taɓa ganin uwar da ake roƙonta ta ɗauki 'yarta ba."

Maman ta ce, "Gajiya ce, Hajj Hanum. Ki ƙara shayi."

"Na ƙoshi, hannunki ya huta. Gajiya dai."

Kambiz ya duƙufa yana ɓare rumman kamar ba da shi ake ba.

Asabar, 12 ga Aban, ƙarfe shida na yamma

Mutum tara. Uku sun tsallake ta sha bakwai. Bayana yana ciwo saboda kujerar falo.

Talata, 15 ga Aban, ƙarfe bakwai na yamma

Ba zan rubuta abin da ya faru yau ba.

Laraba, 16 ga Aban, ƙarfe shida na safe

Jiya Maman ta fita sayen burodi ne kawai. Gidan burodin yana bayan layinmu, amma ta tarar da layi. Ni kuma Allah ya sa na manta katina na asibiti na dawo.

Tun daga matakala na ji kukan. Na sami Dorsa a gadonta a tsakiyar falo, an jera matasai kewaye da ita, babu abin da ya same ta, yunwa ce kawai. Makullin banɗaki yana ƙasa a waje, an turo shi ta ƙarƙashin ƙofa. Farangis tana ciki.

Da na buɗe tana zaune a ƙasa, ta saka hannayenta biyu a ƙarƙashin cinyoyinta ta danne. Abin da ta fara tambaya shi ne, "Lafiyarta ƙalau?" Na ce ƙalau. Ta ce, "Duba dai." Na duba a gabanta. Ta ce, "Sake dubawa."

Na ce wa Maman ƙofar ce ta cije.

Shekara shida ina karatun wannan abu. Wanzami ba ya son jarfa.

Alhamis, 17 ga Aban, ƙarfe uku na rana

Ban fita ba. Na goge kuskuren lambobi, na yi wa Dorsa wanka, na sake goge kuskuren lambobi.

Asabar, 19 ga Aban, ƙarfe ɗaya na rana

Wani dattijo ya cike yau, lamba ta 251, tsohon direban babbar mota. Da ya miƙo na ga ta sha bakwai babu komai. Ban saba tambaya ba, amma yau na tambaya.

"Hajj Aga, kun manta wannan."

"Ban manta ba, 'yata."

"Ba a fahimce ta ba ne?"

"Na fahimce ta sarai." Ya waiga ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Jikokina huɗu. Shekara uku ke nan ban yarda an bar ni da ɗayansu ba. 'Ya'yana sun ɗauka ba na son hayaniya ne. To ke kin rubuta nan, kada in cutar da shi. In na ce e, me za ki ɗauke ni? Takarda fa ba ta mutuwa. Gobe wani ya karanta ya ce tsohon nan mugu ne."

Na ce babu suna a jiki.

"Allah ai ya san rubutuna." Ya yi 'yar dariya. "Da kin fara cewa tunanin zuwa yake ba da son mutum ba, kuma mutum ya tsane shi, da na amsa miki. Yadda kika rubuta, kamar ni nake so."

Na koma na duba na Turancin. Laifin ba nasu ba ne, kuma ba na kalmomina ba ne ɗaya bayan ɗaya. Malamai biyar sun sa hannu. Amma in ka karanta jimlar da bakinmu, kamar alƙali ne yake tambaya.

Lahadi, 20 ga Aban, ƙarfe bakwai na safe

Ina ƙirga takardun da ba a cike ba, waɗanda nake ajiyewa ƙarƙashin tebur a falo, sai na sami ɗaya a cike. Babu lamba, ba ni na ba da ita ba. An cike duka ashirin da huɗu da koren biro. Na san rubutun, shi ne a jikin duk littattafan firamare da na gada daga Farangis.

A ta sha bakwai an zagaye kullum, an danna har takardar ta huje.

Ba zan shigar da ita cikin lissafi ba, doka ta hana. Na ninke ta na sa a jakata.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Na sami Farangis a saman soro tana shanya kayan Dorsa. Na ɗauki kwando na riƙe mata.

"Abji, na ga takardar."

Ba ta juyo ba. "Nawa na ci?"

"Ba jarrabawa ba ce."

"Ke dai faɗa min. Ko a makaranta ni ce ta ɗaya."

Na ce, "Kin ci da yawa."

Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta zauna a kan tankin ruwa. Ta gaya min abin da take gani in ta ɗauki yarinyar, da abin da take gani in ta wuce ta taga, da in ta ga wuƙa. Ba zan rubuta su ba, nata ne. Tun kwana na huɗu da haihuwa suka fara. Ta ce ta yi salla, ta yi alwashi, ta daina kallon Dorsa a ido ko za su tafi, sai ƙaruwa suke.

"Shokufe, ki gaya min gaskiya don girman Allah. Ni wace irin uwa ce?"

Na ce, "Irin wadda ta kulle kanta a banɗaki don tana tsoron wani abu ya sami 'yarta. Abji, wannan ciwo ne, yana da suna, kuma ni kullum da masu shi nake wuni. Mai niyyar mugunta ba ya ɓoye wuƙa a saman kabad. Amma gudun nan da kike yi shi yake ciyar da shi."

"In na faɗa wa likita ƙwace ta za su yi."

"Ba za su ƙwace ta ba."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"Sake faɗa."

Na buɗe baki, sai na tuna. Na ce, "Sau ɗaya nake faɗa. Na biyun ba ke ce mai tambaya ba, ciwon ne." Ta harare ni ta ce tun ina ƙarama ni marowaciya ce.

Litinin, 21 ga Aban, ƙarfe biyar na yamma

Na samo mata ganin likitar ƙwaƙwalwa, mace, ba a asibitin da nake aiki ba. Sai ranar ashirin da takwas. Na roƙa a matso da ita, sakatariya ta ce kowa ma haka yake cewa.

Na gaji.

Laraba, 23 ga Aban, bayan magariba

Kambiz ya zo shi kaɗai, suka shiga kicin da Maman suka rufe ƙofa. Ban ji duka ba. Da ya tafi Maman ta daɗe tana wanke kofi ɗaya.

Daga baya ta ce Hajj Hanum ta yanke shawara. Ranar Asabar, in an yi arba'in, za ta ɗauki Dorsa zuwa gidanta a riƙa ba ta madara, Farangis ta zauna nan ta huta har ta dawo hayyacinta. Maman ta ce, "Ni me zan ce, Shokufe? Jikarsu ce. Kuma ni ma ina da ido."

Na gaya mata ciwon da ke damun Farangis, da izininta. Ta saurara har ƙarshe. Sai ta ce, "Waswasi ai na wanke hannu ne, irin na innarku."

"Wannan ma shi ne, Maman jun."

"To me ya sa ba ta gaya min ba? Ni na haife ta."

Ta koma ta ɗauki kofin.

Alhamis, 24 ga Aban, ƙarfe sha biyu na rana

Na sami Kambiz a shagonsa na kayan lantarki. Ya kawo min shayi, ya ce wa abokin aikinsa ya ɗan ba mu wuri.

Da na gama bayani fuskarsa ta yi fari. "Wato kina gaya min tana tunanin ta yi wa 'yata wani abu, kuma in bar mata ita?"

"Ina gaya maka tunanin yana zuwa mata, kuma tana tsoronsa fiye da yadda kake tsoronsa. Aga Kambiz, in kuka ɗauke yarinyar nan, kun gaya mata ke nan cewa ciwon gaskiya ya faɗa. Ba za ta ƙara yarda da hannunta ba."

"Ke ɗaliba ce, Shokufe Hanum. In kin yi kuskure fa?"

Na ce haka ne, ni ɗaliba ce, shi ya sa na samo likita. Ya zo ranar Litinin ya ji da kunnensa. Kwana biyu kawai nake roƙo bayan arba'in, kuma Maman tana nan, ni ma ina nan.

Ya daɗe yana juya cokali a kofi. "Mahaifiyata ta riga ta sayi gado."

"Gado ba ya ruɓewa."

Bai yi dariya ba. Amma ya ce zai yi mata magana.

Asabar, 26 ga Aban, ƙarfe shida na yamma

An yi arba'in. Hajj Hanum ta zo da 'yan kunne na zinariya da fuska a ɗaure. Ta tafi ba ta sha shayi ba. Dorsa tana nan.

Lahadi, 27 ga Aban, ƙarfe uku na rana

Na kai wa Dakta Sohrabi sabuwar jimla: Wani tunani yana zuwa min ba da sona ba, wanda na tsana, cewa zan iya cutar da wanda nake ƙauna, har nakan guji zama ni kaɗai da shi.

Ta karanta sau biyu. "Ta yi tsawo."

"Ta yi, Ustad."

"Kin san me wannan yake nufi? A sake mayar da ita Turanci, a rubuta wa masu takardar ta asali a nemi izini, malamai su sake dubawa, ki sake tara mutane tun daga farko. Ba ki kare aiki a wannan zango ba ke nan, kuma jarrabawar digiri na uku ta bana ta wuce ki. Mutum ɗari biyu da tamanin kike da su, yarinya. Cire ta ki huta."

Na ce in na cire ta, takardar za ta kama mai wanke hannu da mai duba gas, ta bar wanda ya fi su jin kunya ya koma gida da abinsa.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Wa kika gani?"

Na ce wani dattijo, lamba ta 251.

"Dattijo," in ji ta. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta jawo takardar ta gyara min waƙafi ɗaya, ta sa hannu.

Na fito na zauna a ƙarƙashin bishiyar lemo a harabar sashe. Ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba. Barci kawai nake ji.

Litinin, 28 ga Aban, ƙarfe bakwai na yamma

Awa ɗaya Farangis ta yi a ciki, sannan aka kira Kambiz. Ni ina waje da Dorsa. Da suka fito idanunsa ne suka yi ja, ba nata ba.

A mota ta ce, "Ko gira ba ta ɗaga ba. Na gaya mata mafi muninsu, sai ta ce min, sai kuma me? Wai a makon nan ni ce ta uku."

An ba ta magani wanda ba ya hana shayarwa, da aikin da za ta riƙa yi a gida: ta riƙa tunkarar abin da take gudu. Za a fara da kaɗan.

Alhamis, 1 ga watan Azar, ƙarfe goma na safe

Farangis ta shayar da Dorsa ina tsaye a bakin ƙofa maimakon kusa da ita. Ta yi gumi sharkaf. Ta zage ni.

Lahadi, 4 ga Azar, ƙarfe biyar na yamma

Jiya ba ta iya ba. Yau ma ba ta iya ba. Ta ce maganin banza ne, likitar banza, ni ma haka. Hajj Hanum ta kira sau biyu, Maman ta ce mata ana barci.

Laraba, 7 ga Azar, ƙarfe biyu na rana

Masu takardar sun amsa, sun yarda. Na gwada sabuwar jimlar a kan mutum goma sha biyu. Ɗaya ne ya tsallake. Huɗu sun ce sau da yawa. Wata ta gama cikewa ta riƙe takardar ba ta miƙo ba, ta ce, "Hanum, dama akwai wasu irina?"

Goma sha biyu ba komai ba ne a lissafi. Saura ɗari biyu da tamanin da takwas.

Alhamis, 15 ga Azar, ƙarfe tara na safe

Yau 'yan ajinmu suke miƙa aiki. Na kashe wayata.

Asabar, 17 ga Azar, ƙarfe huɗu na yamma

Aikin wannan makon minti goma ne, Farangis da Dorsa su kaɗai a ɗaki, ƙofa a rufe, kuma ba wanda zai leƙa ko ya amsa in ta tambaya ko lafiya. Ta ɗage shi tun safe har la'asar. Daga ƙarshe ta ɗauki yarinyar kamar mai ɗaukar tukunyar ruwan zafi, ta shiga, ta tura ƙofar da ƙafa.

Ni da Maman muka zauna a kicin, agogo a kan tebur.

Minti biyu, shiru. A na uku Dorsa ta fasa kuka. Maman ta miƙe, na riƙe mata hannu.

"Sakar ni, Shokufe."

"Zauna, Maman jun."

"Ba ki haihu ba, ba ki san yadda ake ji ba."

"Na sani. Zauna dai."

Ta zauna tana jan carbi. Kukan ya hau, ya hau, sai ya sauka, sai ya tsaya. Daga nan ba mu ƙara jin komai ba. Ban taɓa sanin minti yana da tsawo haka ba. Duk abin da na gaya wa Kambiz a shago, da abin da na gaya wa Farangis a saman soro, na ji ina maimaita wa kaina shi, ina riƙe da hannun Maman.

Goma ta cika. Ƙofa ba ta buɗe ba. Sha ɗaya. Sha biyu. Maman ta dube ni, na dubi agogo.

A minti na sha huɗu muka ji muryarta, da ƙarfi, irin wadda take kirana da ita tun muna yara in na taɓa mata kaya.

"Shokufe! Kina ina ne? Kawo min ƙunzugu da wata riga, 'yar banzar nan ta ɓata ni tun daga wuya har cinya!"

Maman ta kifa kai a kan tebur ta fashe da kuka. Ni na tashi na je neman ƙunzugu.